Kafin ka danna ka tura rahoton wata, koma ka buɗe rijista

Duk wanda ya taɓa aiki a sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya san yadda satin farko na kowane wata yake, waya ba ta hutawa, inchajojin asibitocin ƙauye suna ta shigowa ɗaya bayan ɗaya da fom ɗin wata a cikin leda ko a naɗe a jaka, wasu kuma hotonsa kawai za su ɗauka su turo ta WhatsApp saboda kuɗin mota ya fi ƙarfinsu, kai kuma kana gaban laftof kana fatan kada netwok ya ɗauke kafin ka gama. Aikina kenan. Ni nake karɓar fom ɗin nan in shigar da su cikin DHIS2, rumbun bayanan lafiya da Najeriya take amfani da shi, daga nan jiha take gani, Abuja take gani, masu ba da tallafi su ma daga nan suke ɗiba. To amma akwai wani ɓangare na aikin da ba wanda zai yaba maka in ka yi, kuma ba wanda zai kama ka da wuri in ka ƙi yi, shi ne tsayawa ka duba ko lambar nan da ka buga gaskiya ce, da komawa ka sabunta ta in abubuwa sun canja. A kansa nake son mu tattauna yau don wallahi ya daɗe yana damuna.

Shi dai DHIS2 ba shi da laifi. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ce take kula da shi, asalinsa daga Afirka ta Kudu ne bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata a 1994, kuma yanzu ƙasashe sama da 70 suna aiki da shi. Manhaja ce mai kyau ƙwarai. Sai dai abin da ka ba ta shi za ta riƙe, in ka ce mata mata dubu sun haihu a ɗakin shan magani mai gado biyu za ta karɓa ta zana maka shi da launi mai kyau a kan allo.

Ku duba hanyar da lamba ɗaya take bi kafin ta zo wurina. Uwa ta kawo jaririnta rigakafi, a rubuta a katinsa, a rubuta a babbar rijistar rigakafi, a ja ɗan layi a takardar tali, wato takardar ƙirge, ƙarshen wata inchaji ko wani ma'aikacinsa ya zauna ya ƙirga layukan nan ya cika fom, sannan ni in ɗauki fom in buga. Kowane hannu da ta bi tana iya canjawa, kuma yawanci ba don mugunta ba ne. Mutum ɗaya ne yake duba marasa lafiya, shi ne mai allura, shi ne mai ba da magani, wani lokacin shi zai karɓi haihuwa da daddare, sannan a ce ya cika rijista kala-kala, ta awon ciki daban, ta haihuwa daban, ta masu zuwa ganin likita daban, ta tsarin iyali daban. Dole wani abu ya zame. Sai ka ga 17 ta koma 71, ko a sauka layi ɗaya ƙasa a fom duk lambobin su shiga gidan da ba nasu ba, na yara maza a gidan mata, na 'yan ƙasa da shekara ɗaya a gidan waɗanda suka haura.

Abu na farko da nake yi kafin in taɓa kwamfuta, ina karanta fom ɗin da ido kamar yadda ake karanta wasiƙa. Akwai lambobin da dole su yi magana da juna. Allurar Penta, ta rigakafin jarirai, sau uku ake yi, a sati 6 da sati 10 da sati 14, don haka in na ga Penta ta uku ta fi ta farko yawa wata da watanni a asibiti ɗaya to akwai tambaya, wata guda zai iya faruwa in an fita neman yaran da suka tsallake, amma ba kullum ba. Waɗanda gwajin maleriya ya nuna suna da ita ba za su fi waɗanda aka gwada ba. Matan da suka zo awo karon farko ba za su fi jimillar duk masu awo ba. Haihuwa da jarirai kuwa dole su yi kusa, in jarirai sun ɗara da ɗaya ko biyu ka ce tagwaye ne, in sun ɗara da talatin ka san biro ne ya haifo su. Sistem ɗin kansa yana da irin waɗannan ƙa'idoji, in ka gama shigarwa ka nemi ya tantance zai fito maka da inda lambobi suka saɓa, amma mutane da yawa rufe akwatin kawai suke yi su wuce saboda sauri, kuma akwai abin da ba zai taɓa kamawa ba. Misali asibitin da yake kawo 45, 45, 45 wata uku a jere, a wurin kwamfuta lafiya lau, amma duk wanda ya san ƙauye ya san lokacin damina mata ba sa fitowa kamar rani, hanya ta yanke, kowa yana gona, sannan maleriya tana tashi sosai daga tsakiyar damina zuwa kaka. Lamba in ba ta hawa ba ta sauka da yanayi to ba daga rijista ta fito ba, daga fom ɗin watan jiya aka kwafo ta.

Sai kuma maganar gidan da aka bari babu komai da gidan da aka rubuta sifili. Mutane suna ɗauka ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Sifili yana nufin mun buɗe mun jira ba wanda ya zo, ko ba wadda ta rasu wajen haihuwa a watan nan alhamdulillahi. Fili kuwa yana iya nufin ba mu ƙirga ba, ko rijista ta ƙare, ko mai aikin ya tafi hutu. In ka bar shi haka wanda yake Abuja ba shi da hanyar banbancewa, shi ya sa nake ɗaukar waya in tambaya ko da kuwa gida ɗaya ne.

Amma duk wannan duba na kan tebur ne. Gani ya kori ji, sai ka je asibitin ka ce a ɗauko rijista. Akwai wani ƙaramin asibiti da na je, wata dattijuwar ma'aikaciya ce inchaji, ta kusa ritaya, ta shimfiɗa mana tabarma a baranda saboda zafin ɗakin, ta ɗauko rijistar rigakafi bangonta ya rabu an ɗaure da zaren buhu, gefen shafukan duk ruwan da rufi ya zubar ya taɓa su tawada ta baje. Na ɗauki fensir muka fara bi suna suna, ni ina ƙirgawa ita tana riƙe da fom, muka zo Penta ta uku abin da ke rijista bai kai na fom ba, tazarar ba kaɗan ba. Na ce Mama ina sauran suke. Ta yi shiru kaɗan sannan ta tashi ta shiga ciki ta fito da wani littafin makaranta mai layi, ta ce ɗana duba nan, ranar da muke fita rugage ba na ɗaukar babbar rijista saboda nauyi da ruwan sama, a nan nake rubutawa in na dawo in kwafe, wannan karon haihuwa biyu na tarar ban samu zama ba. Muka ƙirga na littafin, lamba ta cika cif, har da sunan ruga da sunan uwa. Da a ofis na zauna na yanke hukunci da na ce ƙari ta yi, alhali matar nan ƙafa ta taka ta yi aikin. Ban tashi ba sai da muka kwafe su cikin rijista tare, domin in wani mai duba ya zo daga jiha gobe ba zai san da littafin ba, rijista kawai zai buɗe.

Wani wurin kuma akasin haka za ka tarar, kuma a nan ne lissafin kwalabe yake aiki. Kwalbar BCG, allurar rigakafin tarin fuka, mutum 20 take yi, ta ƙyanda mutum 10, kuma duka biyun in an haɗa su da ruwansu bayan awa 6 sai zubarwa, saboda haka kusan kullum waɗanda aka yi wa ba sa kai abin da aka buɗe. To a ce fom ya nuna yara 80 sun samu allurar ƙyanda, ka buɗe littafin sito ka ga kwalba 5 aka fitar a watan, ai magana ta ƙare, 50 ne iyakar abin da zai yiwu ko da ɗigo ɗaya bai zube ba. Ba na tsawa, ba na cewa ƙarya ka yi, ajiye littafi biyun kawai nake yi gefe da gefe in ce Malam taimaka min mu gano inda talatin ɗin nan suka fito. Mafi yawan lokuta daga nan ne gaskiyar take fitowa, cewa an ba shi adadin da dole ya cika, in bai cika ba a taron wata za a miƙar da shi tsaye a gaban kowa.

Wannan shi ne tushen ciwon a ganina. Muddin wanda ya kawo ƙaramar lamba ta gaskiya shi ake ci wa fuska, wanda ya kawo babbar lamba kuma a tafa masa ba tare da an buɗe rijistarsa ba, to mu da kanmu muke koya wa mutane ƙari. Ni kaina an taɓa kirana aka ce ƙaramar hukumarmu ta yi ja a allo, alamar ba mu cika adadi ba, in ɗan duba yadda za a yi ta koma kore kafin taro. Na ce Yallaɓai ran ka ya daɗe, in akwai fom ɗin da bai shigo ba zan bi shi yau in shigar, in akwai kuskure zan gyara, amma abin da babu shi a takarda ba zan iya sa shi ba, kuma sistem ɗin yana ajiye sunan duk wanda ya canja lamba da ranar da ya canja. Bai ji daɗi ba a lokacin. Amma jan nan shi ya sa aka tambayi dalili, aka gano unguwannin da aka daina zuwa saboda babu man babur.

Kuma ba sabon abu ba ne, ƙasar nan gaba ɗaya ta taɓa faɗawa wannan rami. Shekaru rahoton da ke hawa daga asibitoci yana nuna rigakafin yara yana tafiya daidai, sai binciken gida-gida na 2016 zuwa 2017 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF ya fito ya ce kashi 33 cikin 100 ne kawai na yara suka samu Penta ta uku, yaro ɗaya cikin uku kenan, kuma jihohinmu na arewa maso yamma su ne a ƙasa. Wannan ne ya sa a 2017 Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, lokacin Dakta Faisal Shuaib yana shugabanta, ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafin yau da kullum ta kafa cibiyar gaggawa a kansa. Ku tuna kuma Penta ɗin nan ita take kare yaro daga mashaƙo, da tarin shiƙa, da sandarewar jiki, da ciwon hanta nau'in B. Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022 ya ci gaba a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma akasarinsu yaran da ba su cika rigakafi ba ne. Duk yaron da aka rubuta an yi masa alhali ba a yi ba, an cire shi daga jerin waɗanda za a je nema, ba wanda zai sake bin sawunsa domin a takarda ya gama. Ina tuna wannan duk sanda hannuna ya gaji na ji kamar in buga kawai in tashi.

Sai ɓangaren sabuntawa, wanda shi ma ana wasa da shi sosai. Rahoto zai iya zama gaskiya ranar da aka fitar da shi, bayan sati biyu ya tashi daga aiki. Fom ɗin da suka makara sun shigo, an gyara kurakurai, lamba ta motsa. Sannan in ka gyara abu yanzu ba nan take yake bayyana a teburan rahoto ba, sai babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan ta sake haɗa lissafinta, don haka wanda ya ciro da safe da wanda ya ciro washegari za su iya zuwa taro da lamba biyu daban a kan abu ɗaya su yi ta gardama kowa yana rantsuwa daga sistem ya ciro, kuma duk gaskiya suke faɗa. Ni duk takardar da ta fita daga hannuna, ko Excel ce ko bugawa na yi, sai na rubuta ranar da na ciro ta a sama da manyan baƙaƙe, da asibitoci nawa ne suka kawo rahoto cikin nawa. In babu wannan biyun lambar ba ta da ma'ana, domin in aka ce haihuwa ta ragu a watan nan alhali asibitoci uku mafi girma ba su kawo fom ba, haihuwa ba ta ragu ba.

Jerin asibitocin kansa yana tsufa. Akwai wanda aka rufe saboda rashin tsaro mutanen garin ma sun tashi, amma yana nan a sistem kowane wata ana lissafa shi cikin waɗanda suka ƙi kawo rahoto yana jawo makinmu ƙasa. Akwai sabon da aka gina aka buɗe yana aiki amma ba a sa shi ba, sai a riƙa cusa lambobinsa cikin na maƙwabcinsa, shi kuma maƙwabcin ya bayyana kamar yana aikin mutum biyu. Akwai wanda ya shiga sau biyu saboda an rubuta sunan garin iri biyu, ɗaya da K ɗaya da Q ko an raba sunan gida biyu. Asibitocin kuɗi kuwa da yawansu ba sa kawowa sam, alhali a birni mutane da yawa can suke zuwa. Ni a matakina ba ni da ikon ƙara asibiti ko cire shi, sai na rubuta zuwa jiha, kuma sai na bi na sake bi, amma in ban rubuta ba babu mai yi, domin ni ne na san wace ƙofa ce a rufe da kwaɗo. Haka ma sunan shiga na ma'aikatan da aka canja wa wurin aiki ko suka yi ritaya, ya kamata a rufe, ba a bar mutum uku suna shiga da suna ɗaya ba, ranar da lamba ta canja ba a san wa za a tambaya ba.

Babban wanda ya fi ƙarfinmu duka shi ne adadin jama'a. Duk wani kaso da kuke ji, kashi kaza na yara sun samu allura, raba waɗanda aka yi wa ake yi da adadin yaran da ake zaton suna wurin, shi kuma wannan adadi daga ƙidayar 2006 ake hasashensa, lokacin da aka ce Najeriya miliyan 140 ce, Kano miliyan 9.4. Ana ƙara wani kaso kowace shekara, sannan a ɗauki kashi 4 cikin 100 a ce su ne 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kashi 5 masu ciki, kashi 20 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. To kamar ka ɗinka wa yaro kayan sallah ne da awon da tela ya yi masa tun yana rarrafe. Unguwannin bayan gari da a 2006 gonaki ne yanzu sun cika maƙil, ga waɗanda rikici ya koro sun ƙaru a kai, sai ka ga mazaɓa ta kai kashi 140 ana murna alhali akwai yara birjik da ba a taɓa ba, wata kuma mutanenta sun ƙaura tana kashi 30 ana ta faɗa da inchajin da ba shi da laifi. Shi ya sa in na ga kaso ya haura 100 ba na murna, tambaya nake yi, kuma na fi yarda da kwatanta Penta ta farko da ta uku, domin wannan lissafin ba ya buƙatar ƙidaya, yana nuna maka kai tsaye cikin yaran da suka fara nawa ne suka ɓace a hanya. Inda masu unguwanni da ungozomomi suke taimakawa da rubuta jariran da aka haifa gida gida, wannan jerin ya fi min hasashen amfani nesa ba kusa ba.

In an gano kuskure kuma, dan Allah a gyara shi tun daga tushe. Abokan aiki da yawa a kwamfuta kawai suke gyarawa su bar fom yadda yake, gobe mai duba ya zo ya ga fom daban sistem daban rijista daban, duka ukun sun zama abin zargi. Yadda nake yi, in kira inchaji ya sake ƙirgawa a rijistarsa, ya ja layi ɗaya a kan tsohuwar lambar yadda za a iya karanta ta, ba gogewa ba, ba shafa farin ruwa ba, ya rubuta sabuwar a gefe ya sa hannu da kwanan wata a kwafinsa da nawa, sannan ni in canja a sistem in rubuta dalili a gurbin bayani. Yana cin lokaci, eh. Kuma a yi shi da wuri, domin akan kulle watannin baya, in an kulle sai ka nemi izini daga sama.

Abin da nake roƙon shugabanninmu na sashen lafiya ba mai yawa ba ne. A buga rijista da fom su wadata kafin tsofaffin su ƙare, domin duk sanda ma'aikaci ya koma ja wa littafin makaranta layi da rula to wasu gidajen za su faɗi. A ware kuɗin mai na zuwa duba rijista kamar yadda ake ware na kai allura, a sa mana data a kan lokaci ba mu riƙa saye da albashinmu ba. Sannan a taron wata, kafin a haska allo a fara kiran masu ja da masu kore, a ce kowane inchaji ya zo da rijistarsa, a zaɓi biyu ko uku a buɗe a ƙirga a gaban kowa, na mai kore ma a buɗe.